Gaisuwar Baba a Kasuwar Kan Ruwa

A ƙauyenmu da ke gefen Gubuchi, ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na rafin fadama, wanda ko a tsakiyar damina da wuya ya wuce ƙugun mutum. Saboda haka ban ga laifin mutanenmu ba da suka yi mamakin labarin da mahaifina ya kawo. Abin da aka yi da labarin daga baya shi ne nake so in rubuta, yanzu da hannuna ya fara sabawa da fensir a ajin yaƙi da jahilci.

Baba yana saurayi ya bi wani falke zuwa ƙasar Nufe, yana kora masa jakai. Da ya dawo sai ya ce ya ga kasuwa tana ci a kan ruwa. Ba a bakin ruwa ba, a kansa. Mai saye yana cikin jirgi, mai sayarwa yana cikin jirgi, har da mace tana toya ƙosai da wuta a cikin nata jirgin, jirgin kuwa na itace ne. Ya ce Sarkin ruwan wurin ya sauke shi a zaurensa, ya ba shi shinkafa da kifi. Wutar nan a cikin jirgin itace ita ta fi ba mutane dariya.

Da an bar maganar, da ta mutu da kanta. Wanda ya riƙe ta ya ƙi saki shi ne taubashin Baba. Mahaifiyar Baba da mahaifin taubashin ciki ɗaya suka fito. Shi ɗan namiji ne, Baba ɗan mace, don haka a wasan taubasai shi ne ubangida, ba ya kiran Baba da komai sai "bawana". Mu 'ya'yan Baba Kawu muke ce masa. Yana da gonar rake da injin matse rake wanda doki ke juyawa, mazarƙwailarsa har Kano ake kai ta. Mutum ne mai baki. In ya zauna a gindin ceɗiyar ƙofar gidan dagaci, ba mai tashi sai an kira salla.

Kowa a wajenmu ya san dokar wannan wasa. Duk abin da taubashinka ya faɗa maka, ba ka fushi. Ka rama in kana da baki, in ba ka da shi ka yi dariya. Wanda ya ɓata rai shi ne ya yi abin kunya, a ce ba ya jin wasa, ba ya son zumunci. Baba kuwa ba shi da baki. Mutum ne mai magana ɗaya, in ya faɗe ta ya yi shiru.

Tun ina yaro har na yi aure na haifi 'ya'ya, gaisuwarsu ba ta canja ba.

"Bawana, yaya kasuwar kan ruwa? Ta ci yau?"

"Tana nan inda na bar ta."

"Mai ƙosai fa? Ba ta ƙone ba har yanzu?"

A yi dariya, Baba ma ya yi.

Amma akwai abin da Baba yake da shi wanda ba na dariya ba ne. Shi ya fi kowa sanin iyakokin gonakin ƙauyen. Ya san inda aka shuka gamba don raba gonar wane da ta wane, ya san kututturen aduwar da ya ruɓe a ƙarƙashin ƙasa wanda shi ne alamar kusurwa. In rigimar iyaka ta tashi, dagaci ya aika a kira shi, ya je ya tsaya ya ce nan ne, magana ta ƙare. Ba a biyan sa komai. Wannan kiran shi ne duk girman da yake da shi a duniya.

Bayan samun mulkin kai da kaɗan, rake ya yi daraja, kowa ya sa ido a kan fadama. Wasu 'yan'uwa biyu suka yi rigima a kan wani yanki, aka kira Baba kamar kullum. Ya nuna wurin. Wanda maganar ba ta yi wa daɗi ba, wani matashi da ya yi zaman Kaduna, ya dubi dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu mutumin da ya ga wuta tana ci a kan ruwa shi zai nuna mana iyakar gonar ubanmu?"

Ba taubashi ba ne, ba da wasa ya faɗa ba. Amma mutane sun saba dariyar, sai suka yi ta. Dagaci ya sunkuyar da kai, ya ce a ɗage maganar sai bayan kaka.

Ranar Baba bai taɓa tuwonsa ba. Da gari ya waye ya tafi wurin injin Kawu, na bi shi. Doki yana zagaye, ruwan rake yana tsiyaya a garwa.

Baba ya ce, "Ubangida, ka daɗe kana tambayata kasuwar nan. Zo in kai ka."

Kawu ya ce, "Bawa zai kai ubangijinsa yawon duniya? To madalla."

"Ka gani da idonka, ka dawo ka faɗa a gaban dagaci. Shi ke nan abin da nake roƙo."

"In na gani me zai hana in faɗa?"

Kawu ya yarda ne don ya ji an ce mazarƙwaila tana da tsada a can. Baba ya ce sai mu tashi da an gama yankan dawa, kafin kogin ya janye. Ya sayar da tunkiyarsa ya yi guzuri. Ya fito da babbar rigarsa ta saƙi, wadda ba ya sa wa sai da salla, ya ce da ita zai gai da Sarkin ruwa, in yana da rai, in kuma ya rasu ya gai da magajinsa.

Muka shiga jirgin ƙasa a tashar Gimi, mu uku da buhunan Kawu. Ni ban taɓa wuce Zariya ba. Muka sauka Minna, muka hau bayan babbar mota zuwa Bida, daga nan wata motar ta kai mu wani gari a bakin kogi. Duk tsawon hanyar Kawu bai huta ba. Ko kududdufi muka wuce sai ya taɓa Baba ya ce, "Bawana, leƙa ka gani, ko ta nan ce?"

Da hantsi muka isa bakin ruwan. Ni dai na tsaya ina kallo. Ban san Allah ya tara ruwa haka a wuri ɗaya ba. Wancan ƙetaren itatuwa ƙanana ƙanana kamar an dasa gero. Amma ba kasuwa. Mata ne kawai ke wanki, da jirage a ɗaure.

Kawu ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya riga shi, ya tambayi wani Banufe mai jirgi wanda ke jin Hausa. Mutumin ya nuna wata kwana da kogin ya yi a bayan tsibiri, ya ce can take ci, yau ma ranarta ce. Ya yarda zai kai mu. Kafin mu shiga ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi rigunanmu, ya ce, "Ku mutanen tudu ne. Abu ɗaya zan gaya muku. In kun zauna, kun zauna. Ko me ya faru kada wanda ya miƙe."

Muka zauna a ƙasan jirgin. Kawu a tsakiya da buhunansa, ya damƙe bakin jirgin hagu da dama har jijiyoyin hannunsa suka fito. Baba a gaba. Ni a baya kusa da mai tuƙi.

Kafin mu sha kwanar muka fara jin ta. Hayaniyar kasuwa iri ɗaya ce ko'ina, ko ta Makarfi ko ta Hunkuyi, sai dai wannan tana zuwa a kan ruwa, babu ƙura, babu kukan jaki. Da muka sha kwanar sai ga ta.

Jirage ne maƙil, sun jeru sun bar hanya a tsakani kamar layin rumfuna. Wani an cika shi da doya har ruwa yana lasar bakinsa. Wani tukwanen ƙasa ne an jera su a kan ciyawa. Ga na shinkafa, ga na busasshen kifi baƙi ƙirin, ga na manja a cikin tuluna, ga na tabarmi. Yawancin masu tuƙin mata ne, wasu da goyo. In an yi ciniki, mai kaya ta ɗora abin a kan faffaɗan bakin abin tuƙinta ta miƙa wa mai saye, ba wadda ke tashi daga inda take. Na ga wanzami yana yi wa wani aski, jirginsu yana lilo, askar ba ta kauce ba. Na ga akuya a ɗaure tana cin ɓawon ayaba, ko a jikinta.

Sai ƙanshin ƙosai ya bugo mu.

Wata dattijuwa ce a ƙaramin jirgi. Ta cika wani babban kasko da yashi, ta kafa duwatsun murhu a kan yashin, wuta tana ci, mai yana tafasa. Yashi ne kawai. Abin da aka yi ta dariya a kansa tun kafin a haife ni ke nan, kasko da yashi.

Baba ya juyo a hankali, ba tare da ya ɗaga jikinsa ba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ban kuma sake gani ba. Ya dubi Kawu ya ce, "Ka gani?"

Bakin Kawu a buɗe yake, idonsa yana kan wutar. Rabon da in ga an tambaye shi abu ya rasa ta cewa, ban tuna ba.

Baba ya sayi ƙosai, aka miƙo mana a ganye a kan bakin abin tuƙi. Muka ci da zafinsa. Matan suka gano mazarƙwailar Kawu, suka kewaye mu, kafin rana ta take buhunan sun zama wofi. A nan ne bakin Kawu ya dawo.

Wani babban jirgi mai rumfar tabarma ya shigo tsakiyar kasuwar, matasa suna tuƙa shi. Wani tsoho mai farin gemu yana zaune a ciki. Duk jirgin da ya wuce, masu shi su kwantar da abin tuƙinsu a cinya su sunkuyar da kai suna gaisuwa da Nufanci. Mai jirginmu ya ce Sarkin ruwa ne. Baba ya ƙura masa ido, ya ce da ƙaramar murya, "Shi ne. Wallahi shi ne."

Kawu ya ce, "Mai zauren da ya ba ka kifi?"

"Shi ne."

"To bawana, haka za ka gaishe shi? A zaune, da takalmi a ƙafa, kamar wani Bature? Mutumin da ya ciyar da kai? Ni dai ban san haka gwaggona ta rene ka ba."

Yana faɗa yana riƙe da bakin jirgin da hannu biyu. Ya ji abin da mai jirgi ya ce a bakin ruwa, kamar yadda na ji. Baba ma ya ji. Amma Baba tunda aka haife shi bai taɓa gai da babba ba sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, kuma an ambaci uwarsa. Jikinsa ya riga tunaninsa. Ya miƙe don ya zare takalman ya durƙusa sosai.

Mai jirgi ya yi tsawa. Jirgin ya karkata, ya dawo, Baba bai dawo tare da shi ba.

Na yunƙura, mai jirgi ya danne kafaɗata da ƙafarsa, ya ce in na tashi duk mun tafi. Babbar rigar ta buɗe a kan ruwa kamar an shimfiɗa ta, sannan ta sha ruwa ta fara jan Baba ƙasa. Na ga hannunsa, na ga hularsa tana tafiya ita kaɗai. Mata biyu suka faɗa ruwan. Suka kamo shi, amma nauyin rigar ya hana su ɗago shi, sai ɗaya ta zaro wuƙar gyaran kifi ta tsarge rigar daga wuya har ƙasa. Kogin ya tafi da ita, ya haɗa da wandon da tazugensa ya kwance.

Haka aka mirgino mahaifina cikin jirgin doya, a gaban kasuwar mata, ba komai a jikinsa. Suka danna cikinsa ya amayar da ruwa da ƙosai. Da suka ga yana numfashi sai kasuwar ta fashe da dariya, irin dariyar da ake yi in tsoro ya wuce. Mai ƙosan nan ta kwance zanen da ta yafa, mai ja da rawaya, ta jefa masa ya ɗaura. Jirgin Sarkin ruwa ya ɗan tsaya, tsohon ya leƙo, ya tambayi ko baƙon yana da rai, aka ce yana da rai, ya wuce. Bai gane shi ba.

Da muka fito tudu na ba Baba taguwata da wandon da na zo da shi na canji. Zanen kuwa Kawu ya ɗauka ya ninke, ya ce zai mayar wa mai shi. Sai a cikin jirgin ƙasa na ga bakinsa yana leƙowa daga jakarsa.

Baba ya yi ta tari a hanya. Wajen Kaduna ya dafa gwiwar Kawu ya ce, "Ubangida, faɗuwata ka ba da labarinta yadda kake so, naka ne. Amma ka ce ka ga kasuwar. Ka ce ka ga wutar."

Kawu ya ce, "Haba bawana. Kwantar da hankalinka."

Washegarin dawowarmu, bayan la'asar, gindin ceɗiya ya cika. Har waɗanda ba su saba zama ba sun zo, da matashin nan mai rigimar fadama. Dagaci ya ce, "To, kun je kun dawo. Akwai kasuwa a kan ruwa ko babu?"

Kawu ya gyara zama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa dai na gan shi. Jirage na gan su. Kasuwa kuwa, ina na samu sukunin duba kasuwa, ina fama da tsamo bawana daga cikin kogi?"

Ya zaro zanen ya warware shi. Ya tashi ya kwaikwayi yadda Baba ya miƙe, yadda ya kama takalmi, yadda ya ce "Ranka ya da…" ruwa ya ƙarasa masa. Ya ɗaura zanen a ƙirji kamar mace ya yi tafiyar jiƙaƙƙen mutum. Mutane suna riƙe ciki. Wani tsoho sai da aka bubbuga masa baya.

Na jira dariyar ta lafa, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni na ga kasuwar. Na ga mai ƙosai, a kan yashi take hura wutar. A can Kawu ya sayar da mazarƙwailarsa duka."

Kawu ya ce, "Ɗan bawana ma ya iya."

Liman, wanda mutumin kirki ne, yana share hawayen dariya ya ce da ni, "Ai ka san ba a karɓar shaidar ɗa ga ubansa. Zauna, Allah ya yi maka albarka."

Sai idanu suka koma kan Baba, a ga yadda zai ɗauka. Kawu taubashinsa ne. Bai ce babu kasuwa ba, bai rantse a kan ƙarya ba, wasa ya yi. Baba ya dubi zanen, ya dubi mutane, ya buɗe baki ya yi dariya. Tarin ya katse ta, ya jira ya wuce, ya ci gaba da ita.

Aka raba fadamar ba tare da an aika gidanmu ba. Inda aka sa iyakar ba nan ne kututturen aduwar yake ba, Baba ya gaya mini, ni kaɗai, muna sussukar dawa. Ba a sake kiran sa wata iyaka ba. Yaran unguwa suka samu sabon wasa. Ɗaya ya zauna a kan turmi shi ne Sarkin ruwa, ɗaya ya zo ya kama takalmi ya kife a ƙasa. Har 'ya'yana na kama suna yi a bayan rumbu, ba su san ma wa ake kwaikwaya ba. Kawu ya rataye zanen a rumfar injinsa, duk wanda ya zo sayen mazarƙwaila daga Ikara ko Kudan sai ya ji dalilinsa.

Tarin bai bar Baba ba. Ya ja shi har damina, ya daina zuwa gona, ya daina zuwa gindin ceɗiya. Kawu yana zuwa duba shi da rake a hannu, ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Bawana, ko ruwan Nufawa ne bai gama fita ba?" Baba ya yi murmushi daga kan gado. Kafin dawa ta nuna ya rasu.

Kawu ya yi kuka a wurin jana'iza, kukan gaske, har sai da aka riƙe shi. Shi ya shiga kabari ya karɓi gawar. Ba ni da abin da zan ce a kan wannan.

Bayan an share makoki da 'yan watanni, na biyo ta gindin ceɗiya zan tafi aji, sai na ji muryarsa. Labarin kasuwar kan ruwa yake bayarwa. Jirgin doya, jirgin tukwane, wanzami da askarsa, akuya da ɓawon ayaba. Ya kwatanta kaskon da hannuwansa, ya ce yashi ake zubawa, a kafa murhu a kai, dabara ce mai sauƙi in mutum yana da hankali. Ya fi Baba iya faɗa nesa ba kusa ba. Ba wanda ya yi dariya. Dagaci yana gyaɗa kai yana cewa ikon Allah, duniya da faɗi.

Liman ya ce, "Ashe dai marigayi gaskiya ya faɗa."

Kawu ya ɓare goro ya jefa a baki. Ya ce, "Wa, bawana? Allah ya jiƙansa. Shi me ya gani? Ai yana ƙarƙashin ruwa."

Aka yi dariya, aka haɗa da amin. Wasu suka waiwayo suna dubana, su ga ko ni ma ina jin wasa kamar ubana. Na tuɓe takalmana na durƙusa na gai da dagaci, na gai da liman, na gai da Kawu, don babba ne. Sannan na sa takalmana na wuce.